Albasar Iya da Ruwan Buta

A tsakar gidana akwai wani wuri da bai fi faɗin faifai ba, a gindin katangar gabas, wanda babu siminti a kansa. Duk baƙon da ya shigo sai idonsa ya kai wurin. Wasu su ɗauka magina ne suka yi ha'inci, wasu su ce ko ramin ɓera ne aka toshe da yashi. Ni ne na hana a shafe shi. A ƙarƙashin yashin nan akwai abu ɗaya tak da ya rage mini daga gidan da aka haife ni a Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, wata 'yar albasar daji da kakata ta dasa tun ban san hannun dama da na hagu ba. Ba a cin ta, akuya ma ba ta kula ta, kuma mafi yawan shekara ba ka ganin komai sai ƙasa. Amma da ta mutu, da ba ni da sauran abin da zan nuna in ce wannan hannun Iya ya taɓa shi. Saura ƙiris kuwa in kashe ta da hannuna.

A zamanin da muka taso, tsakar gida ƙasa ce. Da asuba abin da ke tashe ka ba ƙarar janareta ba ce, tsintsiya ce, shar, shar, daga ƙofar ɗakin Iya har bakin zaure. Bayan tsintsiya sai taɓarya, gida ya amsa wa gida, har kana iya gane wadda ke daka a maƙwabta daga yadda take sauke hannu. Ladan da maƙogwaronsa yake kiran salla, ba lasifika, amma har cikin ɗaki ake jin sa, don babu mai gasa da shi sai zakara. Aikinmu mu yara maza shi ne mu ja ruwa a rijiya mu cika randuna, mu kora tumaki bayan ganuwa, mu yanko ciyawa, mu dawo mu wanke allo. Gab da damina a kwaɓa ƙasa a yi yaɓen soro, a gyara indararo, muna miƙa ƙasa a kwando muna santsi muna dariya. A lokacin ƙasa tana gaya wa mutum abubuwa. Ka ga sawun kaza a bakin ɗaki ka san an bar asabari a ɗage, ka ga tururuwa na jan ƙwai zuwa tudu ka san ruwa ya kusa. Yanzu jikokina daga ɗaki har bakin titi ƙafarsu ba ta taka ƙasa. Ban ce laifi ba ne. Siminti ya raba mu da taɓo da kunama, kuma ni na fi kowa tsoron kunama. Sai dai idan ruwa ya sauka a kansa ba ya cewa komai, gudu kawai yake yi ya fice ta kwata.

Iya muke ce wa kakarmu, mahaifiyar babanmu. Gajeruwar tsohuwa ce mai goro a kumatu, ba ta iya zama hannu sake. Ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauye ta tashi can arewa, ƙasar jigawa inda Fulani ke sauka da shanu, daga can ta ƙullo albasar a bakin zane ta kawo birni, ta binne a gindin katanga, wurin da ko kaza ba ta tono saboda zafin rana. Mutanen gida albasar Iya suke ce mata. Ita kuwa hatsin manoma take kiran ta, wai don tana fitowa daidai lokacin da manoma ke ɗauko iri daga rumbu. Idan wani ya ce albasar kwaɗi ce sai ta ɓata rai. Albasar kwaɗi, in ji ta, ta fadama ce, ƙatuwa mai faɗin ganye, furenta da ratsin ja, ba ta da aiki sai zama cikin taɓo. Tata kuwa 'yar tudu ce, ganyenta siriri kamar na ciyawa yana ɗan murɗewa, furenta fari fat, ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, kafin hantsi kuma ya langaɓe. Shekara guda ana jira saboda maraice ɗaya ko biyu. Matan gida sun sha yi mata tsiya, su ce da barkono ta shuka a wurin ko yakuwa, da an ƙaru a miya. Sai ta gyara goronta ta ce su faɗa mata wace miya suka sha ranar da aka yi ruwan farko bara. Babu wadda ke tunawa. Furen kuwa kowa ya san inda yake zaune lokacin da ya buɗe.

Ni kuma tun ina ƙarami Allah ya yi ni da fargaba. In an aike ni sayen kanwa sai in dawo daga hanya in sake tambaya ko kanwa aka ce ko gishiri. In na ɗaure tunkiya sai in koma in duba igiyar, in tafi, in sake komowa. A makarantar boko, wadda ban wuce firamare ba, nakan yi ta goge rubutu har takarda ta huje. Babanmu yana ganin raki ne, yakan daka mini tsawa, tsawar kuma ta ƙara mini abin tsoro. Iya ce kaɗai ba ta gajiya da ni. Kowa ya san wasan kaka da jika: maigida take ce mini, ko angona, tana gaya wa ƙawayenta ta yi dacen miji, wanda ba zai taɓa barin ƙofa a buɗe ba ko da kuwa ɗakin ba shi da ƙyaure. In ta ga na fara kai da kawo ba ta tambaya ta abin da ke damuna. Auduga take miƙo mini a ƙwarya ta ce in cire mata angurya. Hannuna na aiki, zuciyata na lafawa, ban ma san lokacin da take lafawa ba.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ƙi zuwa. Ban san wacce ba ce a lissafi, na dai san ban fara kai azumi ba. An yi yaɓe, an gyara indararo, masu gona sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jira, amma kullum hadari ya haɗo da la'asar ya yi baƙi ta gabas, iska ta zo ta watsa shi. Kududdufin unguwa ya tsattsage. Guga ya fara fitowa da taɓo. Iya ta rufe randa da faifai ta ɗora dutse, ruwan sha sai da moɗa, kowa da rabonsa. Maza suka fita bayan gari roƙon ruwa, riguna a juye, mu yara aka sa mu gaba. A nan na ga babanmu yana hawaye a cikin sahu, abin da ban taɓa gani ba, daga ranar kuwa na rasa natsuwa. Na yi ta jero abubuwan da za su mutu a raina: gero, tumaki, kaji, mu. Ban san dalili ba, duk cikinsu wadda ta tsaya mini a rai ita ce albasar Iya. Tumaki suna kuka a ji, kaji suna buɗe baki a gani, ita kuwa tana can ƙarƙashin ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa, ba ta da bakin cewa komai. Sai na fara raba ruwana da ita. Ba dama in ɗauki moɗa in ratsa tsakar gida a idon mata, don haka sai in sha rabi, in guntsi sauran a baki, in zagaya gindin katanga in tsuguna in zuba mata.

Ran nan tsofaffin matan unguwa suka fita nasu roƙon ruwan, irin wanda suke sa kayan maza su zaga gari. Na ɗauka Iya ba za ta dawo da wuri ba. Ina tsugune, kumatu cike, sai na ga inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai na gan ta cikin babbar rigar marigayi kakanmu, tana jan ta a ƙasa, hula ta sauko mata har kunne, ga sanda a hannu.

"Maigida, mi ke cikin bakinka?"

Ba halin amsawa. Ta dubi bakina, ta dubi damshin da ke ƙasa, ta sake duban bakina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in haɗiye, na haɗiye. Sannan ta tattare rigar ta zauna dirshan a ƙasa mai zafin nan, ta sa yatsa ta yi ta tono a hankali har ta zaro albasa ɗaya. Da na gan ta sai na fashe da kuka. Busasshiya ce ƙarau, ɓawonta ja-ja-baƙi-baƙi yana marmashewa, ba saiwa ba ganye. Na ce ta mutu, ni ne na makara, da na fara ba ta tun da wuri. Iya ta sa farcen babban yatsa ta kankare gefe ɗaya kaɗan. Cikin fari ne sol, yana sheƙi. Ta manna mini shi a kumatu, na ji sanyi da laima.

"Ka ji? Da ruwanta take kwana. Tun bara ta ɗebi abin da zai ishe ta. Wagga ba ta son a tausaya mata, angona. In ka ba ta ruwa da rani sai ta ɗauka damina ce, ta saki jiki, zafi ya dafe ta a cikin ƙasa. Ruwan sama kaɗai ta sani."

Na tambaye ta yaya za ta bambance ruwan sama da namu tunda ba ta da ido. Ta ce wannan tsakaninta ne da Wanda ya yi ta, nawa dai in shanye moɗata tas. Ta mayar da albasar ramin, ta kawar da ƙasar da na jiƙa, ta rufe da busasshiya. Da za ta tashi rigar ta harɗe ta, sai da na kama ta, tana dariya tana cewa yau ga miji ya ɗaga miji.

Ruwan bai zo a makon ba. Ya zo daga baya, da rana tsaka, lokacin da an fara fid da rai. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ɗigon farko a kan faifan randa, da guɗar wata mata a maƙwabta, da indararo da ya fara aman jan ruwa kafin ya wanke, mu kuma tsirara a ƙarƙashinsa. Da maraice kwaɗi suka cika kududdufi da kuka kamar dama a laɓe suke. Bayan 'yan kwanaki ƙasar gindin katanga ta tsage, wasu korayen tsinkaye suka leƙo, ba ganye, kowanne da dogon toho a kai. Ranar da za su buɗe Iya ta sani tun la'asar. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, matan da ke mata tsiya suka baro murhu suka zo da ludayi a hannu. Rana na faɗuwa tohon ya fara motsi, ido na gani, ya rabu siri-siri ya koma baya, farin ƙoƙo ya bayyana a tsakiya. Sai ƙamshi. Ba irin na turare ba ne, mai sanyi ne, ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itace. Iya ta dafa kaina kawai, hannunta na warin goro da man shanu.

Daga nan rayuwa ta yi gaba. Na koyi ɗinki, na yi shekaruna a bakin keke, na yi suna wajen auna mutum har ya gaji da tsayuwa, da bin mai kaya har gida in mayar masa da ƙyallen da ya ragu ko da bai kai tafin hannu ba. Fargabar yarinta ta girma tare da ni, ta sami wurin zama a alwala. Waswasi ake ce masa. In wanke hannu, in kai ga ƙafa, sai zuciya ta ce anya ruwa ya kai gwiwar hannun hagu? In koma farko. In gama, ta ce kunne fa? In koma. Limamin masallacinmu, abokina ne tun ƙuruciya, ya gaji da gaya mini cewa in na yi na yi, bin waswasi ba tsoron Allah ba ne, ɓarnar ruwa ma abin ƙi ce. Na yarda da shi sarai, amma in na riƙe buta sai yardar ta gudu. Iya ta rasu ina saurayi, babanmu ya bi ta, na yi aure na koma Ƙofar Durbi. Albasar kuwa tana nan a tsohon gida, babu mai kula ta, kuma duk damina tana fitowa. Nakan je in tsaya a kanta, 'ya'yan 'yan'uwa suna kallona suna mamaki.

Shekarun baya kaɗan magada suka yi yawa, gida ya yi kaɗan, aka daidaita a sayar. Wanda ya saya shaguna zai yi. Ban yi jayayya ba, ba ni da hujja. Abin da na roƙa kawai a bar ni in shiga da 'yar fartanya kafin a fara rushewa. Tsakiyar rani ne. Na tsuguna a inda na tsuguna ina yaro, na tono su, ba su cika tafin hannu biyu ba. Ɗaya a cikinsu ƙarama ce, ta yamutse kamar busasshen dabino, na tabbata ta mutu. Na so in jefar, hannuna ya ƙi. Sai na naɗe ta a ƙyalle na jefa a aljihun keken ɗinki, na mance da ita.

Sauran kuwa na nema musu wuri mafi daraja a gidana. Duk wanda ya tashi a Katsina ya san wurin. Abin da kake so ya rayu a wurin alwala kake dasa shi, lalle ne ko rumman ko gwanda ko zogale, don ruwa ne mai tsarki, ba ya yankewa, kuma bai zuba a banza ba. Haka muka ga iyaye na yi. Ba wai na mance maganar Iya ba ne, gardama na yi da ita a raina. Na ce ai wancan lokacin a gidansu suke, yanzu an tumɓuke su, sun yi tafiya, baƙi ne, baƙo kuwa ruwa ake fara miƙa masa. Na ce kuma ai ba ban ruwa zan yi ba, ɗan abin da ya ɗiga daga hannu ne. Na binne su a gefen lalle, daidai inda ruwan ke gangarawa daga dutsen da nake zama. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne alwalar mutum irina ba alwalar kowa ba ce. Abin da ke ɗiga daga hannuna a yini ya isa ya raya ayaba.

Damina ta faɗi, ciyawa ta fito har a tsagar katanga, wurin ya yi shiru. Na jira, na ƙara jira. Da na kasa daurewa na tona. Abin da ya biyo yatsana ba albasa ba ce, wani ruɓaɓɓen abu ne mai yauƙi, yana wari irin na bayan rumfar 'yan gwari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Washegari na hau mashin zuwa Ƙofar Guga ko wata ta tsira a ƙasa, na tarar an zuba kankare an fara jera bulo. Na wuce bayan ganuwa inda muke kiwo, ko zan ga irinta a jigawa, na tarar babu jigawar, gidaje ne iya ganinka. Na dawo na zauna a zaure. Abin da fari bai kashe ba, da shekaru na rashin kula, ni na kashe shi a rani ɗaya, da kulawa.

Hajiya, matata, ba mai yawan magana ba ce, amma in ta yi tana da ƙaiƙayi. Ta kawo tuwo ta mayar, ta sake kawowa ta mayar. A rana ta gaba ta fito da ƙyalle a tafin hannu ta ce allura ta je nema a aljihun keke ta ga wannan, laya ce ko dabinon da na ɓoye mata? Na karɓa. Ta ƙara yamutsewa, ba ta da nauyin komai. Na daɗe ina juya ta, ina tsoron in kankare in ga baƙi, don muddin ban kankare ba ina da ita. Hajiya ta ce in ba zan iya ba in ba ta. Na sa farce. Fari sol. Ban san lokacin da na manna ta a kumatu ba. Hajiya ta juya ta shiga ɗaki, ta bar ni, wai ta jiyo tukunya na ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai ba.

Na samo yashi na haƙa rami a gindin katangar gabas, nesa da lalle, nesa da kwata, na binne ta. Sauran daminar ta ba ta abin da ya samu. Ta fid da 'yan ganye sirara, ba fure, na gode wa Allah a haka. Da ruwa ya ɗauke ganyen ya yi rawaya, ya kwanta, ya bushe, iska ta kwashe. Nan fa aikina ya fara, aikin da ban taɓa yin mai wuyarsa ba, wato in bar ta.

Hajiya ta sa aka ɗauke dutsen alwalata aka kai can lungun yamma ba ta shawarce ni ba. Cikin ranin babban ɗanmu ya kawo magina ya shafe tsakar gida, don ya ga uwarsa na fama da taɓo. Na zana musu da'ira na ce nan ban da. Sabon siminti kuwa sai ana ba shi ruwa safe da yamma, don haka na kife tasa a wurin na zauna a kai kamar kaza kan ƙwai, magina na fesa ruwa suna zagaye ni suna ce mini sannu da aiki, Baba. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce bazara. Sabon simintin ya riƙa ɗaukar zafi yana mayarwa, in ka taɓa yashin da azahar sai ka janye hannu. Zuciyata ta dawo da gardamarta: a gidan Iya ƙasa ce kewaye da ita, nan kuwa kamar tanda ce. Ita ƙarama ce, ba ta ɗebi ruwan kirki ba bara. Ko ba ruwa ba, ai sai in tona in duba. Wata rana da la'asar na sami kaina tsaye a kanta, buta a hannu, bakin butar har ya karkata.

"Malam," in ji Hajiya daga ƙofar ɗaki. "Tsohuwar nan mi ta ce maka?"

Na ce ta ce ruwan sama kaɗai ta sani, amma ita ba ta san siminti ba.

"To ni ban san tsohuwar ba, amma kai na sani. Ɗigo ɗaya za ka ce, gobe ka ce anya ya kai? Ka sake. Aje butar ka zo, gyaɗa nake so a ɓare mini."

Ta turo mini ƙwarya cike. Ban taɓa ba ta labarin audugar Iya ba. Na zauna na ɓare, washegari ta kawo wata, har na fara zargin gyaɗar maƙwabta take aro. Haka muka ci bazarar nan, ni da ita da ƙwarya, idona na kan yashi, hannuna na cikin gyaɗa.

Ruwan farko ya zo da yayyafi, bai jiƙa komai ba. Na biyu ya zo da ƙarfi, ya yi ta dukan kwanon rufi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Na tsaya a ƙofa ina kallon ruwan na gudu a kan siminti, duk tsakar gidan wuri ɗaya ne kaɗai ke sha. Kwanaki suka wuce ba komai. Na daina zancen albasar, Hajiya ma ta daina, sai dai na lura in ta zo shara tana daɗewa a gefen. Wata safiya ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ta da jariri. Yashin ya tsage. Tsinke ɗaya ne, kore, da toho a kai.

Ranar da zai buɗe na gane tun la'asar, kamar yadda Iya ke ganewa, tohon ya kumbura ya yi haske a baki. Hajiya ta shimfiɗa tabarma. Rana ta faɗi, yana gab da rabuwa, sai lasifikar masallaci ta ɗauki kiran magariba. Na zabura lungun yamma, na yi alwala, na fita. Da aka sallame na yi addu'a ga Iya, ban tsaya gaisawa da kowa ba, har liman na kirana. Tun daga zaure ƙamshin ya tare ni. Na tsaya cak, don a wannan numfashin na ji hayaƙin itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa da goro, alhali a gidan nan da gas ake girki. Furen ya buɗe, fari fat a cikin duhun magariba, shi kaɗai a tsakiyar siminti. Hajiya na zaune gabansa, ludayi a hannu. Na zauna kusa da ita.

"Malam," ta ce, ba ta dube ni ba. "Yau alwala ɗaya ka yi."

Sai a lokacin na tuna. Nan take tsohuwar muryar waswasi ta taso, gwiwar hannun hagu fa, kunne fa? Na waiga lungun yamma. Butar na can a kan dutse, fiye da rabin ruwanta na ciki. Na dube ta, na dubi furen da ba zai kai hantsi ba.

Na ce, "Ta yi."

Na gyara zama a kan tabarma.